Hasken da Orest Ya Gyara

Ina tsakiyar murza kwaɓin perogi, 'yan ƙullin fulawar nan da muke cusa wa dankali mu dafa, Orest ya faɗo mini kicin, ko ƙwanƙwasa ƙofa babu, kyamara rataye a wuya, takalmansa cike da ƙanƙara. Mijin ƙanwata Darlene ne. Tunda ya aure ta bai taɓa goge ƙafa a bakin ƙofata ba, ni kuma ban taɓa fasa yi masa tsiya a kai ba.

Na ce, "Sannu da zuwa, sarkin ɓarna. Yanzun nan na goge ƙasan nan. Koma kan kafet."

Bai rama ba. Nan na fara jin wani iri, don Orest ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, balle tawa.

"Halya, miƙo hannunki nan."

"Ka yi me da shi? Ba ka ga duk fulawa ba ne?"

"Goge kawai. Hoto ɗaya zan ɗauka."

Na goge da tsumma na ɗora a kan tebur. Hannu ne na tsohuwar da ta ƙare rayuwarta a gona, duk tabon tsufa, ga kuma jan ƙunar da tanda ta yi mini shekaranjiya. Ya matso da kyamarar, da wannan zoben haske nasa mai faɗin faranti a gabanta. Kan filashin kyamara ake cusawa a cikin abin, sai hasken ya biyo ta ciki ya sauko ya kewaye idon kyamarar, ya fito ta kowane gefe lokaci ɗaya. Da shi yake ɗaukar ƙwari da zangarniyar alkama, yana kaiwa baje kolin gari yana zuwa na uku duk shekara. Zoben duk ya sha salatif, baƙi da ja, kamar an ciro shi daga haɗarin mota.

Haske ya walƙa. Ya juyo mini da bayan kyamarar.

"A'a! Wace amarya ce mai wannan hannun?"

Fata sumul, launin zuma. Tabon tsufan sun dushe, ƙunar kuwa sai da na zura ido sosai kafin na gano inda take. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

"Wanko mini shi babba in manna a jikin firji," na ce. "Ashe kana da rana."

Ya ja kujera ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Da shi nake ɗaukar bayan Darlene," in ji shi.

Na daina dariya.

Darlene tana da tawadar Allah a baya, ƙarƙashin kafaɗar hagu, inda idonta ba ya kaiwa. Lokacin girbi likitan fata na birnin Saskatoon ya duba ya ce bai ga abin tsoro ba tukuna, amma a sa mata ido. Daga garinmu zuwa can tafiyar rabin yini ce, in hanya ta daskare ma ta fi, don haka ya ce a riƙa ɗaukar hoton wurin duk wata ana tura masa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: haske iri ɗaya, nisa iri ɗaya, da rula a gefe, don ya jera hotunan ya ga ko ta girma ko ta sauya launi. In ta sauya, ciwon daji ake tsoro, irin wanda ba ya jira. Shi ya raba mu da mahaifiyarmu, kuma Darlene ce ta yi jinyarta har ƙarshe.

To, a rasa wanda za a ce wa "iri ɗaya" sai Orest. Mutumin da bai taɓa sayen abu ya bar shi yadda kamfani ya ƙera shi ba. Haka manoman wajenmu suke, in abu ya zo sabo sai sun kwance shi sun nuna masa kuskurensa, amma nasa ya yi yawa. Injin girbinsa rabi waya ce rabi ƙarfen gado. Tukunyar kofin gidansu sai ka danna maɓallin da cokali take tashi. Shekarun nan duka muna yi masa dariya a kan wannan halin, shi ma yana taya mu.

"Me ka yi wa abin?" na tambaye shi.

"Ba don mugunta na yi ba, Halya."

"Na ce don mugunta ka yi? Me ka yi masa?"

Sai ya fara, idonsa a kan hularsa. Hoton farko da zoben yadda yake ya ɗauka, haske fari fat mai tona komai. Da Darlene ta gani a kwamfuta sai ta ce, "Au, haka bayana yake? Kamar kazar da aka fige?" Ta yi dariya, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ya ce ya jiyo ta tana fyace hanci.

"Ni fa kullum ina ganin bayan nan, kuma ba haka yake ba," ya ce. "Hasken ne ya yi mata sharri. Sai na ce bari in ɗan tausasa shi."

Ya kai zoben gareji ya kwance. Ya bi cikinsa ya manne da takardar gwal ta cakulan, irin ta kwalin da ake kawo musu da Kirsimeti, don hasken ya yi ɗumi. Wata na gaba Darlene ta ga hoton ta ce kai, wannan kam da dama. Daɗi ya kashe Orest. Ya koma ya yanko robar galan ɗin madara ya rufe fuskar zoben, hasken ya ƙara laushi. Wata na gaba kuma ya ƙara wa filashin ƙarfi don fatar ta yi haske. Kowane wata da abin da yake ƙarawa, kowane wata bayan Darlene yana ƙara kyau. Har takan kira shi da kanta, ta ce maigida, yau fa ranar hoto ce.

"Ja ba ya fitowa a cikin wannan hasken," ya ce, yana nuna ƙunar hannuna. "Narkewa yake a cikin fatar. Baƙi kuma sai ya koma ruwan ƙasa. Sannan babu inuwa ko ɗis, ba za ki gane abu ya taso ko a kwance yake ba."

"Tawadar fa?"



"Ta taso. Ta yi baƙi ƙirin, ga ja ya kewaye ta."

"Yaushe ka gani?"

"Kafin Kirsimeti. Ta fito daga wanka da safe ta ce in shafa mata mai a baya. Muna bakin taga, rana ta bugo ta gefe. Na gani da idona, na taɓa da yatsana."

Na lissafa a raina, Kirsimeti ta wuce da daɗewa, har an kwashe itatuwan ado daga ƙofofin gidaje. Na ajiye muciyar murza kwaɓin, don ban yarda da kaina ba tana hannuna.

"Sai ka yi me?"

"Sai na ɗauko kyamara na ɗauka."

"Da zoben?"

"Da zoben. Na duba hoton, na ga lafiya lau. Sai na ce ƙila idona ne, ai na tsufa. Na tura. Amsar likita ta zo, ya ce bai ga wani sauyi a hotunan ba, mu zo in ƙanƙara ta narke."

Na tuna ranar sarai. Darlene ta bugo mini waya tana ihu kamar yarinya, ta gasa kek ta kawo zauren coci aka ci da kofi. Orest yana gefe riƙe da faranti, bai kai ko loma ɗaya bakinsa ba. Na yi masa tsiya a lokacin, na ce ko haƙoransa na roba ne suka sake sulluɓewa.

"Orest Hrynkiw," na ce, "ka san hoton ƙarya yake yi, kai ka koya masa ƙaryar, sannan ka koma ka tambaye shi gaskiya?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Da ka sani da ba ka zauna nan kana ɗaukar hoton hannuna ba."

"So nake in tabbatar. Na ce in ƙunarki ta fito a hoton, to zoben ba shi da laifi."

Tun Kirsimeti yana neman abin da zai wanke shi ke nan. Ya ce ya gwada a kan tuffa mai tabo, ya gwada a kan ƙonannen burodi, ya gwada a kan kunnen karensu. Duk abin da ya ɗauka sai ya fito da kyau. Ya rame, yanzu na lura, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ji tausayinsa, kuma na ji haushin tausayin, don ba shi ne mai abu a baya ba.

"Ke za ki faɗa mata?" ya tambaya a hankali. "Ta fi jin maganarki."

"Allah ya kiyaye. Ni na manna takardar cakulan? Tashi mu tafi."

Na rufe kwaɓin da tawul, na ɗauki kwat ɗina. Muka shiga a-kori-kurarsa. Gonaki fari fat ta ko'ina, rana tana dukan ƙanƙara har ido yana ciwo. Yana tuƙi a hankali kamar mai bin gawa, sai da na ce masa ko in sauka in tura ne.

Da muka isa, maimakon ya nufi ƙofar gida sai ya karkata gareji.

"Ina kuma za ka?"

"Bari in mayar da shi yadda yake tukuna. In na ɗauki hoton gaskiya, sai in nuna mata, ya fi sauƙin bayani."

Na bi shi, don na san in na bar shi sai magariba ta same shi a can. Ya ɗora zoben a kan teburin aikinsa, ya ɓare salatif ɗin, ya kwance sukurori. Da ya buɗe sai ga cikin yana ƙyalli, har da sunan kamfanin cakulan a jikin wata takardar. Ya sa farce zai ɓare, ta ƙi. Da gam mai ƙarfi ya manne ta, irin wanda yake liƙe tayar tarakta da shi. Ya sa wuƙa yana kankarewa, farin fentin asali yana biyo takardar. Can ƙasa kuma ashe ya taɓa yanke wasu haƙarƙarin roba masu raba hasken, wai sun tsaya masa a hanya.

"Ina guntayen?" na ce.

"Na zubar tuni."

Ya tsaya yana kallon abin a buɗe gida biyu. Duk tsawon zamana da shi, ban taɓa ganin ya kwance abu ya rasa yadda zai yi da shi ba sai ranar.

"Ba ya komawa," ya ce.

"Na gani. Ajiye shi. Mu shiga."

Darlene tana kicin tana yanka kabeji, rediyo yana ta surutu a kan farashin alkama. Ta ɗago ta gan mu tare, ta yi dariya.

"Yau kuma wa ya mutu, ku biyu a mota ɗaya? Halya, ba ki shaƙe shi a hanya ba?"

"Saura kaɗan. Kashe rediyon nan, mijinki yana da magana."

Ta kashe, ta goge hannu. Orest ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu kamar baƙo. Na zauna na naɗe hannuwa, na ƙudura ko zai shekara a tsaye ba zan taimake shi da kalma ɗaya ba.

Ya faɗa. Ba da tsari ba, ya fara daga robar madara ya koma takardar cakulan, ya shiga bayanin inuwa har sai da na yi gyaran murya. Amma ya faɗi duka, har safiyar nan ta bakin taga, har hoton da ya tura bayan ya gani da idonsa.

"Na ɓata miki lokaci, Darlene. Lokacin da likita ya kamata ya gani, ni na rufe masa ido. Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Na zaci za ta jefe shi da kabejin. Ni da na jefe shi. Amma sai ta ja kujera ta zauna, ta kalli wuƙar da ke kan katako.

"Halya, shiga ɗakin wanki," ta ce. "Bayan injin akwai leda. Ɗauko."

Na ɗauko. Rigunan barcinta ne guda uku a cukuikuye. Na warware ɗaya, sai ga ɗigon jini ya bushe a bayan, daidai ƙarƙashin kafaɗar hagu. Na biyun ma haka. Ban buɗe ta ukun ba.

"Tun yaushe?" na ce.

"Oho. Na daina lissafi." Ta juya wajen mijinta. "Kana tsammani ba na jin ta? Tana kama mini riga, tana ƙaiƙayi. In na miƙa hannu ta nan ina taɓo gefenta. Sai in tsorata, in tuna Mama, in kasa cin abinci. Sai in je in kunna kwamfuta in buɗe hotunanka, in ga ba komai, in ce to ai ga shi nan, hoto ba ya ƙarya. Sai in samu in yi barci."

Orest ya dafa bango.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa mini ba?"



"Na ga takardar cakulan ɗin fa," ta ƙara. "Na ga ka kwashe ta daga kwandon shara kana miƙar da ita da bayan cokali. Na san wani abu kake ƙullawa. Ban tambaya ba, don ba na so in ji."

Tana faɗa ne don ta rage masa nauyi, na san ƙanwata. Amma ina kallon fuskarsa, kowace kalma ƙara masa take yi. A da ya zaci likita kaɗai ya ruɗa. Yanzu ya gane duk lokacin da jikinta ya gaya mata gaskiya, hotonsa ne yake zuwa ya ce mata ta koma ta kwanta.

Ni kuwa haushin su biyun ya cika ni har na rasa wanda zan fara da shi. Tsofaffi biyu a gida ɗaya, gado ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya wai don kada ya tayar masa da hankali.

"To, kun gama?" na ce. "Rana tana tafiya. Darlene, zo bakin taga. Kai kuma cire filashin nan gaba ɗaya. Ina rular?"

Ta juya baya ta ɗage riga. Ban shirya ba. Rabona da ganin wurin tun lokacin girbi, lokacin ɗan ɗigo ne kamar ƙwayar barkono. Yanzu ta kai girman wake, ta taso, bakinta ba daidai ba, ga ja ya zagaye ta. Na riƙe rular a gefe, na danne ta da yatsu biyu.

Orest ya ɗaga kyamarar, ya sauke. Ya goge ido da hannun riga ya sake ɗagawa.

"Ɗan karkata hagu," ya ce mata. "Hasken zai fi..."

"Orest," na ce.

Ya danna.

Ba wanda ya ce a nuna masa hoton. Ya zauna gaban kwamfuta ya tura, ya rubuta a ƙasa cewa wannan da hasken taga aka ɗauka, a duba da gaggawa. Darlene ta koma kan kabejinta, ta yanka wanda zai ishi gida goma. Na danna tukunyar kofin nan tasu da cokali na dafa, ba wanda ya sha.

Kafin rana ta faɗi wayar kicin ta yi ƙara. Darlene ta ɗauka. Nas ce daga wurin likitan. Muna kallonta tana cewa to, to, gobe da safe, to, za mu zo. Sai ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Wai likita yana tambaya tun yaushe ta fara sauyawa haka. Wai yana so ya san saurinta, kuma hotunan da ke wurinsa ba su nuna komai ba." Ta kalle ni, ta kalli mijinta. "Me zan ce mata?"

Darlene ta cire hannu daga bakin wayar.

"Ai laifina ne, 'yar nan, ni ce ban..."

Orest ya miƙe ya karɓi wayar daga hannunta.

"Mijinta ne," ya ce. "Ni na ɗauki hotunan. Ki gaya wa likita ya ajiye na farko da na yau, ya watsar da sauran, duk na ɓata su. Ba mu san tun yaushe ba. Ba wanda zai iya sani yanzu."

Ban ji abin da aka ce masa ba. Ya ce to, ya sake cewa to. Daga inda nake zaune na ji layin ya katse, amma bai sauke wayar daga kunnensa ba.